Ruwan da Inna Ta Wanke

A ƙauyenmu na bakin ruwa, can ƙasa da Wara, ba a tambayar yaro abin da zai zama in ya girma. Ubansa na su, uwarsa na banda, shi ma hanyar ke nan. Ni kaɗai na kauce, ba don na fi kowa ƙwaƙwalwa ba, sai don jirgi na sa ni amai. Baba ya gwada ni ya gwada har ya gaji, ya ce tunda ruwa ya ƙi ni, a kai ni makaranta ko takarda za ta karɓe ni. Haka na yi firamare a Wara, na yi sakandare a Yelwa, daga baya na samu shiga wata jami'ar fasaha mai nisan tafiyar yini guda a mota. Da aka tambaye ni abin da zan karanta na zaɓi ilimin ruwa da kifi, don shi kaɗai ne zan faɗa a gida a gane.

Tun ina sakandare kifi ya fara mutuwa a lungunmu. Lungun wani hannu ne na tafkin Kainji da ya kutso tsakanin tudu biyu, wani rafi na zubowa cikinsa daga gabas. Nan kakana ya kafa turke bayan madatsar ruwa ta cinye tsohon garinsu, Baba yana yaro a lokacin, a kafaɗa aka ɗauko shi. Da zarar ruwan farko ya sauka rafin ya kawo, sai a wayi gari karfasa da tarwaɗa sun juyo da farin cikinsu sama, sun jeru a bakin gaɓa. Ruwan ya yi kauri, ya yi wani launi tsakanin ja da toka, ga wari. Bayan wani lokaci ya washe, amma kifin da ya rage kowace shekara sai ya kasa na bara.

Kowa da wanda yake zargi. Wasu suka ce masu wankin zinare ne can saman rafin. Wasu suka ce maganin ciyawa ne da manoman shinkafa ke fesawa, maƙwabtanmu Kambari, mutanen da muke musayar kifi da dawa da su tun kafin a haife ni. Tsofaffi suka ce mutanen ruwa aka ɓata wa rai. An yi saukar Alƙur'ani, an yi yanka, maƙwabtan ma sun yi tasu addu'ar a coci da wadda ba ta coci ba. Kifi bai fasa mutuwa ba, gaisuwa kuma ta fara gajarta tsakaninmu da su.

Ƙannen Baba suka ce a tashi a koma tsallake, inda ruwa ke da faɗi. Baba ya ƙi. Ina zaune ina ji ranar da ya ba su amsa, yana ɗinkin koma bai ko ɗago kai ba.

"An tashe mu sau guda, ba ni ƙara tashi don abin da ban sani ba," in ji shi. "Ɗana na karatu wurin masu na'ura. In sunka hwaɗa muna abin da ka cikin ruwan ga, sai mu san wa za mu kai ƙara wurin hakimi, mu san magani. Ku yi haƙuri ya ƙare."

Ni na ba shi labarin na'urar a hutuna na farko, da bakin ɗan aji ɗaya. Daga ranar zaman gidanmu a lungun ya rataya a wuyanta.

Na'urar na nan, ban yi ƙarya ba. Tana cikin wani sabon bene mai fenti fari da shuɗi, wanda aka rubuta wa cibiyar bincike da manyan baƙaƙe. Aikinta gano ƙarafa masu guba a cikin ruwa, ko da ɗan abin da ido ba ya gani ne. Da ta duba ruwanmu, aƙalla za mu san ko wankin zinare ne, in ba shi ba ne mu juya wajen gonaki. Girmanta bai wuce buhun shinkafa biyu a kwance ba. An lulluɓe ta da leda mai kauri, an ajiye ta bayan gilashi, don haka ɗalibai suka sa mata suna amarya. Akan jera mu a baranda mu leƙa, malami na nuna mana da biro ta cikin taga, ga inda ruwa ke shiga, ga inda wuta ke ci. A jarrabawa a ce mu zana ta mu faɗi sunayen sassanta. Na ci maki mai kyau a kanta, ban taɓa jin ƙararta ba.

Dalilan rashin kunna ta ba sa ƙarewa. Yau babu gas ɗin da take ci. Gobe wutar lantarki ba ta da ƙarfi, ana tsoron ta ƙone. Jibi wanda aka tura ya koyo ta ya samu wani aiki ya tafi. Gata makulli na hannun wani da ya yi tafiya. Da na matsa da tambaya, wani babba a sashenmu ya dube ni sama da ƙasa ya ce in ta lalace a hannuna ko ƙauyenmu duka aka sayar ba zai biya ta ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk wani taro da za a yi sai shugabanni sun tashi sun yi ta lissafa irin damar da ɗaliban wannan jami'a ke da ita, kayan aiki na zamani, bincike mai amfanar talaka. Mu da ake nufi muna zaune a baya muna tafi, saboda an ce mu tafa.

Malamin da aka ɗora ya duba aikina mutumin kirki ne wanda jami'a ta gajiyar. Ya ji labarin lungunmu ya ce in riƙa kawo ruwan, ko Allah zai sa a dace. Na kawo da hannuna a daminar farko, muka sa a firji, wuta ta ɗauke ta daɗe ba ta dawo ba, ya ce wannan ya tashi daga aiki. Na sake kawowa wata daminar, aka shiga yajin aiki, aka kulle ginin da kwalabena a ciki. Akwai wuraren gwaji na kuɗi a manyan birane, amma ba na irinmu ba ne. Duk hutun da na je gida, bayan gaisuwa tambayar Baba ɗaya ce.

"Mi na'urar tac ce?"

"Ba a kunna ta ba tukuna, Baba."

"To. Allah shi kai mu."

Sai ya juya ya ba ƙannensa wani haƙurin. Ina ganin yadda suke kallona, ɗan da aka hana shi jan koma, ake ciyar da shi da kifin da babu, ya koma yana kawo musu tukuna.

A shekarata ta ƙarshe aka ce baƙi za su zo daga hukumar da ke kula da jami'o'i su duba ko jami'ar ta cancanci ci gaba da koyar da abin da take koyarwa. Nan da nan wurin ya farka. Aka yi fenti, aka nome ciyawa, aka aro kujeru da littattafai daga wata makaranta, aka aro tukunyar gas, aka kawo janareta har ƙofar benen. Aka ɗauko wani injiniya daga nesa ya zo ya kwance wa amarya lulluɓi. Malam ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa.

"Jibi da safe za a kunna ta a gaban baƙi," in ji shi. "Ruwa ɗaya za a sa, na ce naka ne. Da yamma injiniyan zai tafi, gas ɗin ma za a mayar wa masu shi. In ka rasa wannan, ban san ranar da za a sake ba."

A makon nan ruwan farko ya sauka a gida, kifi ya fara tasowa. Allah ya gafarta mini, ranar na yi murna da mutuwar kifi. Ruwan da nake nema ke nan, a ranar da nake nemansa. Tafiya ba za ta yiwu mini ba, don ina cikin waɗanda aka zaɓa su tsaya da farar riga, ana ta koya mana inda kowa zai sa ƙafa da abin da zai ce in an tambaye shi. Sai na bugo wa Baba waya. A ƙauyenmu kira na shiga, amma sai an hau tudu ake jin magana, ina jin hakinsa yana amsawa. Na ce ya shiga jirgi ya je daidai bakin rafin, inda kifin ya fi yawa, ya cika kwalba ya toshe ta da kyau, a kai tashar Yelwa a ba direban da ke zuwa garin da nake. Ya maimaita mini maganar tiryan-tiryan. Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka har na manta.

Ranar da baƙi za su shiga benen, da sassafe na je tasha na karɓi saƙo. Kwali ne an ɗaure shi da igiyar koma, ɗauri irin na Inna, wanda sai ka sa haƙori. A sama akwai soyayyen giwan ruwa mai yawa, nannaɗe cikin takarda, da yaji a ƙulle. Daga ganin kifin na san ba na lungunmu ba ne, sayowa aka yi don malamai. A ƙasa ga kwalbar, an naɗe ta cikin sabon ƙyalle. Na warware na ɗaga ta sama. Ruwan fari tas, ina hango motocin tasha ta cikinsa.

Na buɗe na sansana. Ƙamshin sabulu ne ya amsa mini.

Na kira na kira kafin a ɗauka. Baba ya fita ruwa ya bar wayar a gida, Inna ce ta hau tudun da kanta. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma saba doguwar magana da ni ba. Amma ranar bakinta ya buɗe.

"Saƙon ya iso? Alhamdu lillahi. Kai wanga, da ka ga abin da ubanka yaɗ ɗebo. Ruwa baƙi ƙirin, da wari, har da ɓawon kihi ciki. Ya aje shi nan yat tahi neman mota. Nic ce wanga za a kai gaban manyan malamai? Su ce daga gidan ƙazamai ka hito? Sai nij jehwa mashi alif ya kwanta, nit tace da sabon ƙyalle, nis sake tacewa. Kwalbar ma sai da niw wanke ta da sabulu. Ba ni bari a yi maka dariya cikin mutane."

Wanda bai tashi a bakin ruwa ba ba zai gane ba. A wurinmu ba a miƙa wa baƙo ɗanyen ruwan tafki. Sai an jefa masa alif, farin dutsen nan da ke jan laka ya kwantar da ita ƙasa, a bar shi ya huce, a tace, sannan a zuba a kwanon sha mai murfi. Da ruwan da mace ta kawo ake gane irin gidan da aka shigo. Randar Inna kuwa sananniya ce a ƙauyen, ko baƙon hakimi ya zo, gidanmu ake aikowa a ɗebo masa. Abin da ta fi iyawa a duniya shi ta yi mini. Alif ɗin ya kwashe lakar, lakar ta tafi da duk abin da nake nema, Inna ta zubar da shi bayan ɗaki.

Na tsaya a tsakiyar tasha da waya a kunne, 'yan kamasho na ture ni suna wucewa. Tana jira in ce wani abu.

"Na gode, Inna," na ce. "Allah ya saka da alheri."

Na samu Malam a baranda yana gyara wuyan rigarsa. Na gaya masa komai. Na roƙe shi ya sa baki injiniyan ya ƙara kwana, Baba zai sake ɗebowa, gobe war haka ruwan na nan. Ya je ya yi magana da manya, ya dawo yana girgiza kai. Motar injiniya ta riga ta shirya, masu gas na jiran kayansu, kuma babu wanda zai sa hannu a ƙona man janareta don ɗalibi ɗaya bayan baƙi sun tafi.

"Kawo shi a haka," ya ce, bai dubi idona ba. "Baƙin na buƙatar su ga wani abu ya shiga cikinta."

Haka aka yi. Na tsaya da farar rigar aro mai gajerun hannuwa, na zuba ruwan Inna a ɗan kofin gilashi. Injiniya ya danna, wata siririyar wuta shuɗiya ta kama a cikin na'urar, ta fara zuƙar ruwan ta wani ɗan bututu. Ashe ƙararta ma ba ta da yawa. Duk tsawon karatuna nake jiran in ji ta, na ji ta ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Sakamako ya fito a allon kwamfuta. Injiniyan ya duba ya yi dariya, ya ce wannan ruwa ya fi na famfon gidansa tsabta. Baƙi suka gyaɗa kai. Ɗaya ya tambayi daga ina ruwan ya fito, shugaban sashe ya karɓe da sauri, ya ce daga tafkin Kainji, ɗalibin ɗan masunta ne, yana bincike don amfanin mutanensa. Aka dafa mini kafaɗa, aka ce in ɗaga kwalbar, mai hoto ya ɗauka. Kifin kuma ma'aikata suka cinye shi a ofis, suna ta yabon yajin. Kashegari na biyo ta barandar na leƙa, an mayar wa amarya da ledarta.

Na daɗe ina neman in yi fushi da Inna, abin ya ƙi. A wurin da ake kunna na'ura kowane mako, abin da ta yi labarin ban dariya ne, a ba da shi a gidan suna, a sake aiko da wata kwalbar. Mu sau ɗaya tak aka kunna mana, shi ma ba don mu ba. Idan wannan ce damar da ake ta faɗa a lasifika, to ta ɗan mintuna ce, kuma duk wanda ya yi tuntuɓe a cikinta ya faɗi ke nan. Fushina yana kan benen nan mai fenti, har yau bai sauka ba.

Da na je gida na tarar da Baba a ƙarƙashin rumfa, ƙannensa na gefe. Bai san an taɓa ruwan ba, a ɗaure ya tarar da kwalin ya kai tasha. Ban ga amfanin in haɗa shi da matarsa a kan abin da ba zai gyaru ba. Na ce an kunna na'urar, an sa ruwanmu, ba ta ga komai ba, amma kada ya dogara da wannan, don gwaji ɗaya ba ya isa. Ya tambaya yaushe za a sake. Na ce ban sani ba. Ya murza igiyar da ke hannunsa.

"Shekara da shekaru ina jiran ta buɗe baki," ya ce. "Tab buɗe tac ce ba ta ga komi ba. To in ita ba ta gani ba, wa za ya gani?"

Ba shi da abin da zai kai wa hakimi, ba shi da sauran haƙurin da zai ba ƙannensa. Su suka fara tashi kafin kaka. Shi ya daure har baƙin ruwa, cikar da tafkin ke yi lokacin hunturu, ya zo ya wuce, sannan ya kwance jirginsa ya bi su. Yanzu yana tsallake a cikin bukka, baƙo a mashigin wasu, sai ya nemi izini kafin ya jefa koma. Mutumin da ya rantse ba za a tashe shi sau biyu ba. In na je gaishe shi yana tambayata lafiya da aiki, bai ƙara ambaton na'ura ba.

Ni kuma na rubuta aikina daga littattafan wasu, a kan ruwan wasu ƙasashe, aka ba ni shaidar kammalawa. Ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta a Yelwa, ina zana wa yara kifi a allo. Na taɓa komawa lungun da farkon damina. An kwashe kwanon rufi, bandunan sun rufta, randar Inna na nan a inda take don ta fi ƙarfin jirgi. A bakin gaɓa kifi ya juyo da cikinsa sama kamar kullum, sai dai ba yawa, don babu sauran da yawa.

Inna ba ta bi Baba ba, gwiwoyinta ba za su iya zaman bukka ba. Tana wurina a ɗakin haya, muna sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, shi ma sai ta jefa masa alif. Ba ta taɓa tambayata labarin kwalbar ba, har kwanan baya da wata maƙwabciyarmu ta shigo da waya tana murna. 'Yarta na neman shiga jami'ar, ta ga hotona a shafinsu na intanet, a saman inda suke zayyana damar da ɗalibansu ke samu. Ga ni nan da farar riga, na ɗaga kwalba. Inna ta karɓi wayar ta kawo ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Da matar ta fita sai ta juyo, ba ta dube ni sosai ba.

"Ashe kwalbata ta. Mi malaman sunka ce?"

"Sun ce ba su taɓa ganin ruwa mai tsabta irinsa ba, Inna."

Ta yi murmushi, ta gyara ɗankwalinta. "Ai na hwaɗa maka."

Ta koma kan bokitin da take tacewa. Ta ɗaure bakin ƙyallen, ta zuba a hankali, ta cika kwanon sha. Sai da ta taso za ta miƙo mini ta tsaya, kwanon na hannunta.

"To mi ka kashe kihin?"

"Ban sani ba, Inna."

Ta miƙo mini ruwan, na karɓa na sha.